Zaƙulo saƙonni a na'urorin taimakon magana

Zaƙulo saƙonni a na'urorin taimakon magana dabara ce da ke bai wa mutumin da ba ya iya magana da baki damar nemo cikakkiyar jimla ko labari da aka riga aka adana a na'urarsa, ta hanyar rubuta kalma ɗaya ko biyu kacal, sannan na'urar ta furta saƙon da murya. Dabarar ta samo asali ne daga ilimin nemo bayanai, wato ilimin da aka gina injunan bincike na intanet da kundayen ɗakunan karatu a kansa. Daga can aka shigo da ita fannin hanyoyin sadarwa na tallafi da na madadi, wanda aka fi sani da gajeren sunansa AAC. Manufarta ita ce rage tazarar da ke tsakanin saurin maganar baki da jinkirin rubutu a na'ura, ba tare da an ɗora wa mai amfani nauyin haddace inda ya ajiye kowane saƙo ba. Yawancin binciken farko a kan wannan dabara an yi shi ne a Jami'ar Dundee da ke Sikotland, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa shekarun 1990.

## Matsalar jinkiri

Masu amfani da na'urorin taimakon magana sun haɗa da waɗanda aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa gaɓoɓi, da masu cutar jijiyoyin motsi ta ALS, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa musu harshe, da wasu masu larurar otizim, da waɗanda aka cire wa maƙogwaro a tiyata. Da yawa daga cikinsu ba magana kaɗai ce ta gagare su ba, har da motsa hannu. Wani da yatsa ɗaya yake rubutu, wani da sandar da aka ɗaura masa a goshi, wani da ido ta hanyar kyamarar da ke bin inda yake kallo. Akwai kuma mai maɓalli guda, wanda sai ya jira haske ya zagayo kan harafin da yake so kafin ya danna.

Mai magana da baki yakan furta kalmomi tsakanin 130 zuwa 200 a minti ɗaya. Mai rubuta harafi bayan harafi a na'ura kuwa galibi ba ya wuce kalmomi 8 zuwa 10, kuma masu maɓalli guda sukan gaza haka. Illar wannan tazara ba ta tsaya ga ɓata lokaci ba. Kafin mutum ya gama haɗa amsarsa, hira ta riga ta koma kan wani batu. Abokan hira sukan gaji da jira su ƙarasa masa jimla, ko su koma yi masa tambayoyin da amsarsu ba ta wuce "i" ko "a'a" ba. A hankali maganarsa takan taƙaita ga neman buƙata, kamar ruwa ko magani, labari da raha da musu su fita daga rabonsa.

Masanin kimiyya Stephen Hawking, wanda ya rasa muryarsa bayan tiyatar maƙogwaro a 1985, ya yi amfani da manhajar Equalizer, inda a farko yake haɗa kimanin kalmomi 15 a minti. Laccocinsa yakan rubuta su ne tun da wuri ya adana, in ya hau dandali sai ya riƙa tura su ga muryar kwamfuta jimla-jimla. Amsa tambayar da ba a shirya mata ba kuwa takan ɗauke shi mintoci.

An ɓullo da hanyoyi da dama don ƙara sauri. Akwai hasashen kalma, inda na'ura ke nuna kalmomin da take zaton su ake nufi tun daga haruffan farko. Akwai faɗaɗa gajerun alamomi zuwa cikakkun kalmomi. Akwai tsarin Minspeak na Bruce Baker, wanda ya fito a farkon shekarun 1980, inda jerin hotuna biyu ko uku ke wakiltar kalma ko jimla. Hanyar da ta fi kowacce sauri ita ce adana cikakkun jimloli tun kafin a buƙace su. Sai dai ita ma tana da nata cikas: idan jimlolin suka kai ɗaruruwa ko dubbai, gano wadda ake so a lokacin da ake son ta yakan zama aiki. Wannan cikas ne dabarun zaƙulo rubutu suka zo warwarewa.

## Tarihi

A na'urorin farko, saƙonni ana jera su ne a shafuka da rukunai, ko a ba kowanne lambar da za a danna. Dole mai amfani ya tuna a wane rukuni ya sa saƙo, ko wace lamba ya ba shi. Idan saƙo ya shafi batutuwa biyu, kamar abinci da tafiya, sai a rasa inda ya kamata ya zauna.

Rukunin masu bincike na Dundee, ƙarƙashin jagorancin Alan Newell, tare da John Arnott da Norman Alm, sun tunkari matsalar ta fuskar nazarin hira. Sun lura cewa babban kaso na hirar yau da kullum yana bin sananniyar turba: gaisuwa, tambayar lafiya, 'yar taɗi, ainihin batu, naɗe zance, sallama. A kan haka suka gina manhajar CHAT a ƙarshen shekarun 1980, wadda ke hasashen matakin hira na gaba ta miƙo jimlar da ta dace da shi, ta yadda dannawa ɗaya za ta wadatar wajen gaisuwa ko bankwana.

A farkon shekarun 1990 masanin halayyar ɗan Adam John Todman, tare da Alm, suka samar da tsarin TALK don tsakiyar hira, inda batu ke yawo. TALK yana rarraba saƙonni bisa mahanga uku: wanda ake magana a kansa, ni ko kai, lokaci, wato da, yanzu, ko nan gaba, sai fuskar batun, wato ina, me, yaya, yaushe, wa, da don me. Haɗuwar waɗannan na ba da gurabe 36. Hikimar ita ce hira ba ta cika tsallake nesa ba, takan gusa ne kaɗan-kaɗan, misali daga "inda na je" zuwa "inda ka je". A gwaje-gwajen da aka yi da mutum ɗaya-ɗaya bayan horo, an samu saurin da ya haura kalmomi 50 a minti. Annalu Waller, ita ma a Dundee, ta yi aiki a kan adana labaran rayuwa da zaƙulo su, ciki har da manhajar TalksBac ta masu larurar afasiya, wato rikicewar harshe bayan raunin ƙwaƙwalwa. Wasu tsare-tsaren, kamar ScripTalker na Dundee da Frametalker da aka yi aikinsa a Jami'ar Buffalo ta Amurka, sun jera saƙonni ne bisa matakan al'amuran da aka saba, irin su cin abinci a gidan abinci ko ganin likita.

Duk waɗannan suna buƙatar wani ya zauna ya tsara saƙonni da hannu. Manhajar WordKeys, wadda Stefan Langer da Marianne Hickey suka yi aikinta a Dundee a tsakiyar shekarun 1990, ta ɗauki wata hanya dabam: kowane saƙo da aka rubuta, na'ura ce ke yi masa fihirisa da kanta, kuma ana iya nemo shi da kowace kalma mai ma'ana da ke cikinsa, ko ma da kalmar da ba ta cikinsa amma tana da dangantaka da shi. Don gano dangantakar ma'ana ta dogara da WordNet, rumbun kalmomin Ingilishi da George Miller ya fara ginawa a Jami'ar Princeton a 1985.

## Yadda dabarar ke aiki

Tsare-tsaren sun bambanta, amma galibinsu suna bin matakai kamar haka.

Adanawa. Saƙonni na shiga rumbu ta hanyoyi biyu: waɗanda mai amfani ya shirya a lokacin hutunsa, shi kaɗai ko da taimakon iyali ko likitan magana, da waɗanda ya rubuta a tsakiyar hira na'ura ta ajiye.

Yin fihirisa. Na'ura tana gina jerin kalmomi, a gaban kowace kalma kuma ta rubuta lambobin saƙonnin da kalmar ta fito a cikinsu, kamar fihirisar da ke bayan littafi. Da wannan ba sai ta karanta rumbun gaba ɗaya ba duk lokacin da aka yi nema. Ƙananan kalmomin nahawu, irin su "da", "a", "na" da "ne", akan bar su a waje domin kusan kowace jimla na ɗauke da su.

Mayar da kalma ga saiwarta. Wanda ya rubuta "gida" yana sa ran ganin saƙon da ke ɗauke da "gidaje" ko "gidanmu". Saboda haka akan cire ɗafe-ɗafe ko a duba ƙamus don a haɗa siffofin kalma ɗaya wuri guda. A Ingilishi an daɗe ana amfani da ƙa'idojin da Martin Porter ya wallafa a 1980 don wannan aiki.

Faɗaɗa nema ta ma'ana. Mutum ya fi tuna abin da saƙo ke nufi fiye da ainihin kalmominsa. Wani bincike da George Furnas da abokan aikinsa suka wallafa a 1987 ya nuna cewa yiwuwar mutum biyu su zaɓi kalma ɗaya don kiran abu ɗaya ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Ko mutum ɗaya ma, kalmar da ta zo masa yau ba lalle ce ta watan jiya ba. Idan rumbu na ɗauke da jimlar "Likita ya ce in koma ranar Talata", mai amfani kuma ya rubuta "asibiti", nema na zahiri ba zai samo komai ba. Tsarin da ya san alaƙar likita da asibiti ne kaɗai zai fito da ita. Haka wanda ya rubuta "abin sha" ya kamata ya ga saƙonnin da ke maganar kunu ko shayi. Alaƙoƙin da aka fi amfani da su su ne na kalmomi masu ma'ana ɗaya, da na babban rukuni da 'ya'yansa.

Jera sakamako. Tunda allon na'ura ba ya ɗaukar saƙonni da yawa, wanda ya fi dacewa dole ya zo a sama. Akan fifita saƙon da ke ɗauke da ainihin kalmar a kan wanda aka samo ta dangantaka. Akan kuma ba kalmar da ba ta cika fitowa ba nauyi fiye da gama-garin kalma, ra'ayin da Karen Spärck Jones ta gabatar a 1972, wanda daga baya ya shiga ma'aunin BM25 da aka gina a kan aikin Stephen Robertson da abokansa a Landan. Yawan amfani da saƙo da kuma kusancin lokacin da aka yi amfani da shi na ƙarshe su ma sukan shiga lissafi.

Zaɓi da furtawa. Mai amfani ne ke da magana ta ƙarshe. Yana iya tura saƙon yadda yake, ko ya gyara kalma ɗaya, ko ya watsar ya rubuta sabo.

## Bambanci da binciken intanet

Ko da yake kayan aikin iri ɗaya ne, yanayin ya sha bamban. Saƙonnin gajeru ne, sau da yawa ba su wuce kalmomi goma ba, don haka ƙirga sau nawa kalma ta maimaitu a cikin rubutu, wanda ke da amfani a dogayen takardu, ba ya faɗin komai a nan. Rumbun ƙarami ne kuma na mutum ɗaya, cike da sunayen 'yan uwa da wurare da laƙabobin da babu su a kowane ƙamus. Kalmomin nema ba su da yawa, domin kowace dannawa wahala ce. Sannan mai nema ya san saƙon yana nan, shi ya rubuta shi. Mai bincike a intanet idan bai ga shafi ɗaya ba zai ɗauki wani, amma mai na'urar magana idan bai ga jimlarsa ba ya yi asara biyu: lokacin nema, da lokacin sake rubutawa, alhali abokin hira na tsaye yana jira. Idan hakan ya yawaita, yakan daina yarda da tsarin ya koma rubutu da hannu.

## Amfani da mahalli

Wayoyin zamani da kwamfutocin hannu sun san lokaci da wuri, wasu kuma na iya gane fuska ko muryar abokin hira. Ana iya sa wa kowane saƙo alamar inda aka faɗe shi, da lokacin, da wanda aka faɗa wa, ta yadda in mutum ya shiga kantin magani jimlolin da ya saba faɗa a can za su hau sama tun kafin ya rubuta komai. A 2020 Per Ola Kristensson na Jami'ar Cambridge, tare da masu bincike na Dundee da suka haɗa da Rolf Black da Annalu Waller, sun gabatar da nazari a kan irin wannan tsari. Lissafinsu ya nuna ana iya rage dannawa da kashi 50 zuwa 96 cikin 100, gwargwadon yanayi da ingancin alamomin mahalli. Alƙaluman sun fito ne daga kwaikwayo a kwamfuta, ba daga hirar yau da kullum ba.

Sababbin tsare-tsare suna mayar da kowace jimla jerin lambobi masu wakiltar ma'anarta, ta yadda jimloli masu kusancin ma'ana ke zama kusa da juna ko da ba su yi tarayya a kalma ko ɗaya ba. Wasu kuma sun wuce zaƙulowa zuwa ƙirƙira: manhajar SpeakFaster, wadda masu bincike na Google suka bayyana a 2024, tana amfani da babban samfurin harshe wajen faɗaɗa haruffan farko na kalmomi zuwa cikakkiyar jimla, kuma an gwada ta da masu cutar ALS da ke rubutu da ido.

## Yadda ake auna inganci

Daga ilimin nemo bayanai an aro ma'auni biyu: kaso nawa na saƙonnin da aka nuna ne suka dace, da kuma kaso nawa na saƙonnin da suka dace ne aka samo. Daga fannin AAC kuma akan ƙirga dannawar da aka rage da kalmomin da aka furta a minti. Rage dannawa ba lalle ya zama ƙarin sauri ba, domin karanta jerin zaɓi da yanke shawara su ma suna cin lokaci da hankali. Binciken Heidi Koester da Simon Levine a shekarun 1990 a kan hasashen kalma ya nuna cewa ga wasu masu amfani, lokacin duba jerin yakan cinye ribar da aka samu. Don haka masu bincike kan ƙara da auna tsawon shirun da ke gabatar amsa, da ra'ayin mai amfani da na abokin hirarsa game da yadda hirar ta gudana.

## Ƙalubale

Sauri da dacewa. Jimlar da aka adana jiya ba kasafai take dacewa da tambayar yau ɗari bisa ɗari ba. Tana iya yin tsawo, ko ta gaza, ko ta ɗauko bayanin da ba a tambaya ba. Jan Bedrosian da Linda Hoag da Kathleen McCoy sun yi jerin gwaje-gwaje a kan haka, bisa ƙa'idojin hira na masanin falsafa Paul Grice. A binciken da suka wallafa a 2003, wanda aka tsara a kan ciniki a kantin littattafai, masu sayar da kaya sun fi yaba wa mai na'urar da ya yi jinkiri ya faɗi abin da ya dace, a kan wanda ya yi sauri da saƙon da wani ɓangarensa bai shafi batun ba. Aikin Todman kuwa ya nuna cewa a hirar zumunci dogon shiru ne ya fi ɓata armashi. Wannan ya sa ake ganin tsari mai kyau shi ne wanda ke barin mutum ya sauya tsakanin zaƙulowa da rubutawa cikin sauƙi.

Muryar wa ce. Idan wani ne ya shirya jimlolin, ko na'ura ce ta ƙirƙira su, akwai fargabar mutum ya riƙa faɗin abin da ya fi sauƙin samu maimakon abin da ke ransa. A nan zaƙulowa ta fi ƙirƙira aminci, tunda kalmomin na mai su ne. Wasu masu cutar ALS sukan naɗi jimlolin da suka saba faɗa da muryarsu tun kafin ta tafi, hanyar da John Costello na Asibitin Yara na Boston ya yi fice wajen yaɗawa. Irin wannan rumbu yakan kai ɗaruruwan saƙonni, shi ma sai da hanyar nema.

Sirri. Na'urar da ke ajiye duk abin da mutum ya faɗa, da inda ya faɗa, da wanda ya faɗa wa, tana riƙe da tarihin rayuwarsa. Saƙon da aka yi wa likita na iya bayyana a allo a gaban baƙo. Naɗar murya ko hoton abokin hira kuma ya shafi haƙƙin wanda bai ba da izini ba.

Iya karatu. Nema da kalma yana buƙatar iya rubutu. Yara ƙanana, da masu afasiya, da waɗanda ba su samu shiga makaranta ba, sun fi amfana da hotuna da alamomi.

## Batun harsuna

Yawancin kayan aikin an gina su ne don Ingilishi, kuma ba sa ƙaura zuwa wani harshe kai tsaye. Hausa misali ce. Jam'inta ba ya bin ƙa'ida ɗaya: "littafi" da "littattafai", "ƙasa" da "ƙasashe", "mace" da "mata", ba za a haɗa su ta yanke ƙarshen kalma kawai ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "gari" na iya zama birni ko na tuwo, "fara" kuma na iya zama launi, ko ƙwaro, ko soma aiki. Masu rubutu da yawa ba sa sa haruffa masu lanƙwasa, sai "ƙafa" da "kafa" su zama abu ɗaya. Ga kuma cuɗanya harsuna biyu a jimla ɗaya. Ban da fihirisa, ana buƙatar rumbun dangantakar ma'ana da muryar kwamfuta mai furta harshen daidai. A nahiyar Afirka, Cibiyar AAC ta Jami'ar Pretoria, wadda aka kafa a 1990, tana cikin wuraren da suka daɗe suna aiki a kan sadarwar tallafi a al'umma mai harsuna da yawa, kuma a Afirka ta Kudu an yi aikin gina rumbunan kalmomi irin na WordNet don harsuna kamar Zulu da Tswana.

## Matsayi a doka

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006, ta ambaci hanyoyin sadarwa na tallafi da na madadi a sashe na 2, cikin ma'anar sadarwa, sannan sashe na 21 ya buƙaci ƙasashe su karɓi amfani da su a hulɗar hukuma. A Sikotland, wata dokar lafiya ta 2016 ta wajabta wa gwamnati samar da na'urorin sadarwa, da tallafin amfani da su, ga duk wanda ya rasa muryarsa ko yake da wahalar magana, kuma wannan tanadi ya fara aiki a 2018. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta wannan fanni, ISAAC, an kafa ta a 1983, kuma a tarukanta da mujallarta an gabatar da bincike da dama da ya shafi adana saƙonni da zaƙulo su.